Abin da Radiya Ta Bari a Firiza

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Shawwal, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dakta Radiya Jamaluddeen, malamar jami'a mai bincike kan ciwon dajin mafitsara. Jininta ne ya hau, ya shanye mata ɓarin jiki, jinyar ko mako ba ta kai ba. An yi mata sallah bayan la'asar a ƙofar gidan mijinta, Malam Suhaib, a Unguwar Juma cikin birnin Zariya. Ta bar 'ya ɗaya, Hidaya.

Ni ce Tayyiba, ƙawarta tun muna wanke allo a kwano ɗaya. Na san ladabin irin wannan rubutu: a yabi mamaci, a rufa wa masu rai asiri. Na farkon zan yi da zuciya ɗaya. Na biyun kuwa sai dai a yi haƙuri da ni, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Radiya, maganar ƙarshe da kika yi min a gadon asibiti ba ta 'yarki ba ce, ba kuma ta mijinki ba. Harshenki ya yi nauyi, sai da na kai kunnena bakinki sannan na ji. Kika ce, "Kar a kashe firiza. Mariyamu na zuwa." Wanda bai san ki ba zai ce zafin ciwo ne. Ni na san abin da ke cikin firizar nan da ke ɗakin ajiyarki: aikin da kika yi wa bauta shekara da shekaru, wanda saura ƙiris ki kai shi inda za a gwada. Mariyamu kuwa ita ce abokiyar bincikenki, Kirista 'yar Wusasa, wadda a lokacin ta tafi Legas neman muku ɗakin gwajin da ke da injinan da ba ku da su.

Bari in faɗi aikin yadda kika sha faɗa min, don yawancin waɗanda suka cika gidanki da kuka ba su taɓa tambayar ki ba. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin kafso ɗin nan da kowa ya sani. Masu bincike a wasu ƙasashe sun lura cewa wasu daga cikinsu, in an zuba su kan ƙwayoyin daji a faranti cikin ɗakin gwaji, sukan rage musu girma. Ke tambayarki ita ce: dajin mafitsarar da ke cin mutanenmu, wanda sau da yawa tsargiya ce ke share masa hanya tun yarinta, shi ma zai ji wannan magani? Iyakarta ke nan. Tambaya ce, ba alkawari ba. Kullum sai kin ƙara da cewa, "Tayyiba, faranti fa ba mutum ba ne."

Amsar wannan tambaya tana buƙatar fitsarin marasa lafiya da 'yar tsokar ƙarin da likitoci ke ciro musu. Wanda bai taso a birni ba ba zai gane wuyar wannan ba. Dattijon da ko matarsa bai taɓa gaya wa yana fitsarin jini ba, shi za ki je ki durƙusa gaban gadonsa, ke mace, ki roƙe shi. Kin yi. Kina cewa Baba, kina tambayar iyali da gona, kina zama har kunyar ta sauka. Wani ya kore ki, wani ya juya fuska bango, wani sai a zuwa na uku ya amince. Ba ki taɓa ɗaukar na kowa ba sai da yardarsa, kuma ba ki taɓa rubuta sunan kowa a jikin kwalba ba. Lamba kawai kike sawa, don kada asirin dattijo ya tonu a hannunki. Da wuta ta ƙone firizar wurin aikinku, gyara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kika nemi izinin shugabanku kika kwaso kayan zuwa taki ta gida mai aiki da sola, kafin Mariyamu ta samo musu wuri.

Sakayyar da danginki suka yi miki ita ce suna. Daktar Fitsari. A gidan biki aka fara faɗa, ana dariya, wata har da toshe hanci da gefen mayafi lokacin da kika miƙa hannu cikin tire. Ni na fusata, ke kika yi dariya kika ce ai gaskiya suka faɗa, kika ci gaba da cin alkakinki. Ban taɓa ganin mai haƙuri da wulaƙanci kuma marar haƙuri da sakaci irinki ba. Sau nawa kika tsayar da mota a bakin kududdufin bayan ganuwa, kika fito da takalmi a hannu kina korar yara daga ruwa, iyayensu na leƙe suna cewa boko ya taɓa ki. Lokacin jinyar mahaifiyata ke kika riƙa sauya mata robar fitsari, aikin da mu da ta haifa muke kawar da kai. In na yi godiya sai ki ce in bar surutu in kawo ruwan zafi. Girki dai ba ki iya ba, wannan ko a ta'aziyya ba zan yi miki ƙarya ba. Rake kike sha a mota ki ce kin ci abincin rana.

Masifar ta fara ne daga hira da aka yi da ke a rediyo. Na saurara da kunnena. Sau da dama kin maimaita cewa gwaji ne, ba a kai ga mutum ba, mai fitsarin jini ya garzaya asibiti. Gari ya ji abin da yake so ya ji. Kafin sati ya zagayo, labari ya cika birni har Tudun Jukun cewa 'yar Malam Jamaluddeen ta gano maganin daji. Zaurenku ya cika. Wani mai kemis ya fara ƙulla kafso a leda yana sayarwa da sunanki, kika je har shagon kika yi masa tatas a gaban masu saye. Duk wanda ya zo kika ce masa babu magani, ga sunan likitan da zai gani. Suka fita suna cewa rowa ce, kin ɓoye a firiza kina jiran Turawa da manyan Abuja.

Duk wannan kin shanye. Abin da ya karya ki shi ne Baffa Lado, ƙanin mahaifinki, maɗinkin manyan riguna, mutumin da ya ɗinka wa rabin angwayen unguwarmu riga mai aska takwas. Ya daɗe yana ganin jini yana cewa zafin rana ne. Lokacin da ya yarda aka duba, abu ya yi nisa. Likitoci suka ce sai an cire mafitsarar gaba ɗaya, ya riƙa yawo da jakar fitsari a jikinsa. Ya ce, "Da wace alwalar zan tsaya gaban Ubangijina?" Kika kawo masa malami har ɗaki ya karanta masa rangwamen da shari'a ta yi wa mai lalura. Ya saurara cikin ladabi, ya yi godiya, ya ƙi. Amma 'yar tsokar da aka ciro masa wajen dubawa, shi da bakinsa ya ce a ba ki.

Yayarsa, Gwaggo Hassana, ita ce ba ta yarda babu magani ba. Ina wurin ranar da ta zo, tsohuwar da ta goya ki, ta zube gwiwa biyu a tsakar gidanki ta riƙe ƙafarki. Ta ce, "Ko ƙwaya ɗaya ce ki ba shi, Radiya. Ɗan'uwan ubanki ne." Kika durƙusa kina kuka kina rantsuwa cewa in kika ba shi kafso yaudararsa kika yi, ta lallashe shi ya yarda da tiyata. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta fita. Baffa Lado ya rasu bara da damina. Tun daga ranar Gwaggo ba ta ƙara amsa gaisuwarki ba. Da azumin nan da ya wuce kin aika mata gero da sukari, aka dawo da su ko ƙullin ba a kwance ba.

To, ita ce babbar mace a danginki, don haka ita ta zauna a kan tabarmar karɓar gaisuwa ranar da kika rasu. Mata na shigowa suna yi mata ya haƙuri, tana amsawa tana jan carbi. Da kunnena na ji ta ce wa wata, "Allah ba azzalumin bawansa ba ne. Wanda ya hana magani, ai ga shi shi ma magani bai yi masa rana ba." A lokacin ko masu kai ki ba su dawo daga maƙabarta ba.

Da yammacin ranar na sa aka kira min Suhaib soro, na isar masa da wasiyyarki kalma da kalma. Na ce Mariyamu za ta iso Asabar, ya riƙe makullin ɗakin ajiya a aljihunsa, kada ya ba kowa. Ya ce in sha Allahu. Kin san in sha Allahun mijinki. Mutum ne mai kirki, bai taɓa ɗaga miki murya ba, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya saboda ke ba.

Ranar Juma'a aka yi sadakar uku. Bazara ce, gari kamar tanda, ruwan leda ya yi zafi, naman da aka yanka yana neman lalacewa. Gwaggo ta aika a karɓo makulli, Suhaib ya zaro ya bayar. Ko da na shigo gidan da safe, na tarar da murfin firizar a wangale, mata sun yi cincirindo a ƙofa, Gwaggo ta zura hannu har kafaɗa tana birkita kwalaye. Ba wurin sa nama take nema ba. Maganin da ta tabbata kin hana ɗan'uwanta take nema, don ta ɗaga shi sama kowa ya shaida. Ba ta sami ko ƙwaya ɗaya ba. Ƙananan kwalabe ne jere-jere, a daskare, kowace da lambarta.

Aka kira Suhaib aka tambaye shi mene ne wannan. Ya sunkuyar da kai ya ce fitsarin marasa lafiya ne, ƙananan kuma tsokar da aka ciro musu ce. Gida ya ɗauki salati. Abin da ya daskare ba ya wari, amma duk suka toshe hanci. Wata ta ce najasa a gidan da za a sauke Alƙur'ani. Wata ta ce naman mutane a firiza sai ka ce na layya, ashe abin da ake faɗa gaskiya ne. Gwaggo ita ba ta yi salati ba. Ta dubi Suhaib ta ce, "Har da na Lado?" Ya gyaɗa kai. Ta ce, "Wanne ne?" Babu wanda ya sani. Sirrin nan da kika rufa wa dattawa shi ya hana a ware nasa, domin Mariyamu kaɗai ke iya haɗa lamba da suna. Gwaggo ta ce, "Ashe ɗan'uwana da saura aka binne shi. To a binne duka."

Na rufe murfin na tsaya a gabansa. Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da goyon da ta yi miki. Na ce kwana ɗaya tak, gobe Mariyamu za ta zo ta ciro na Baffa ta damƙa mata a hannu, ta binne yadda take so. Na kira Mariyamu a waya, tana magiya, na miƙa wa Gwaggo. Ko kallon wayar ba ta yi ba. Ta ce, "Ba daga Wusasa za a koya min yadda ake suturta Musulmi ba." Matar da aka faɗa wa haka ita ce ta kwana da ke a asibiti daren farko kafin tafiyar da ke kika matsa mata ta yi.

Kada wani ya ɗora wa addini wannan aika-aika. An kai maganar zaure gaban limamin unguwa, kuma an gaya min abin da ya ce. Ya ce asali abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam mutuncinsa a binne shi, amma in masu shi sun bayar da yardarsu don neman ilmin da zai amfani mutane, jinkirin kwana ɗaya ba laifi ba ne. Ya ce magana tana hannun mai gida. Duk zauren ya juya ya dubi Suhaib. Kalma ɗaya ake nema daga bakin mutumin da ya ga fitarki da sassafe da dawowarki a gajiye duk tsawon shekarun nan. Ya ce, "Duk yadda Gwaggo ta ce."

Mata biyu suka janye ni daga gaban firizar. Aka jera kwalaben a rana don su narke. Fitsarin aka tuttule a masai. Tsokar aka juye wuri ɗaya, aka naɗe ta cikin ragowar yadin likkafaninki, aka kai maƙabarta kafin a tafi masallacin Juma'a. Firizar aka wanke ta da omo, aka turara ta, aka shaƙe ta da nama da zoɓo da ruwan leda. Baƙi sun yaba, sun ce ba su taɓa shan ruwa mai sanyi haka a gidan makoki ba.

Mariyamu ta iso Asabar da kular ƙanƙara a hannu. Ta san abin da ya faru, amma zuciyarta ta ce mata ƙila an manta da kwali ɗaya a ƙasa. Ta rufe kanta da mayafi, ta durƙusa ta yi wa Gwaggo ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta wuce ɗakin ajiya ta ɗaga murfi. Ta daɗe a tsaye. Wata mai rabon abinci ta zo wucewa ta ce mata, "Baiwar Allah, ɗauko daga ƙasa mana, ya fi sanyi." Da muka fito ta gaya min cewa gwajin da zai ba da amsa ba a riga an yi shi ba, shi za a yi a Legas. Yawancin waɗanda suka bayar sun riga mu gidan gaskiya. Sai dai a sake daga farko, kuma ba ta san wanda dattawan birni za su sake amince wa ba. Muna tsaye muka ji Gwaggo na gaya wa maƙwabciyarta cewa tun rasuwar Lado ba ta yi barci mai daɗi ba sai jiya.

Ba na cewa maganin daji aka zubar a masai. Da na faɗi haka, ke za ki fara ƙaryata ni. Wataƙila amsar da za ta fito ita ce a'a, kafso ba ya komai ga wannan ciwo. Ko a'ar ce, kin ce tana da amfani, don za ta rufe bakin masu ƙulla leda, ta tura mutane asibiti da wuri. Ko wannan ba a bar miki ba. Ina jin haushi, Radiya, haushin da ban san ranar hucewarsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yafe ba alhali ban yafe ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hidaya. Uwarki ba mayya ba ce, ba marowaciya ba ce, duk wanda ya gaya miki haka ki turo min shi. Ina yi wa Dakta Mariyamu ta'aziyya, tare da ba ta haƙuri a madadin unguwar da ba za ta ba ta ba. Ina yi wa Malam Suhaib ta'aziyya, Allah Ya ba shi haƙurin rashi, tunda haƙuri dama ba ya yi masa wuya. Ina yi wa Gwaggo Hassana ta'aziyyar ɗan'uwanta, domin na san shi take wa kuka ba ke ba. Allah Ya ba ta tsawon rai da cikakken hankali, har ta fahimci abin da ta sa aka yi.

Ta'aziyyata ta ƙarshe ga Malam Bahago ce, wani tsohon manomi daga Kufena. Ranar bakwai ya zo a keke mai ƙafa uku, jakar fitsari a ƙarƙashin rigarsa, don shi ya ji shawararki ya yarda aka yi masa tiyata. Bayan ya yi addu'a a zaure sai ya yi wata tambaya, Suhaib ya aiko a kira ni. Na fito soro na gaishe shi. Ya ce, "Malama, ɗan abin nan da na ba ta, ya yi mata amfani kuwa? Ta ce in an gama za ta zo har gida ta gaya min." Suhaib yana ta yi min alama da ido. Na ce, "Baba, an binne shi ranar Juma'a."

Ya dubi sandarsa. Can ya ce, "Ikon Allah. Ina nan ina yawo, ashe har an fara binne ni." Ya dafa bango ya miƙe, ya ƙi ruwan da aka kawo masa, ya tafi.

Allah Ya jiƙan ki, Radiya. Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Ya rubuta miki ladan kowane gado da kika durƙusa a gabansa, Ya biya ki cikakken ladan aikin da ba a bar ki kin kammala ba, domin Shi niyya Yake dubawa. Ya jiƙan Baffa Lado da sauran bayin Allah da suka ba ki amanar jikinsu. Ya raya Hidaya, Ya sa ta gaje ki. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu, kuma Ya tambayi kowannenmu abin da hannunsa ya yi da abin da bakinsa ya kasa faɗa. Amin.